Lamba Ɗari Huɗu da Sha Bakwai

Furen doya bai kai ƙwayar shinkafa ba.
Tun hantsi Leitau take sunkuye a kansa,
tsinke a hannu, gumi a gira,
tana ɗebo ƙurar namiji daga kunya ta uku
tana kai wa mace a kunya ta tara,
ta rufe da ƙyalle, ta ɗaure, ta rubuta lamba.
Da ƙyar su biyun ke fure a mako ɗaya.

Nan tsibirin Santo ne.
Bara waccan guguwa ta taso daga teku,
ta kwantar da kwakwa, ta tsinke yaɗo.
Abin da ta rage, baƙar cutar ganye ta lashe.
Wata huɗu ƙauye na kallon ruwa
ko jirgin shinkafa zai ɓullo.

Iri dubu biyu ta shuka a tire.
Wasu ba su tsiro ba.
Wasu sun tsiro, ganyen ya ƙone.
Wata ta yi girma kamar cinyar ƙato,
aka dafa, sai ruwa tsululu.
Shekara shida ana zubarwa.
Uku suka rage a littafi,
cikin ukun ma ɗaya take so.

Ta naɗe ta a ganyen ayaba,
ta hau bayan motar kaya zuwa gida.
Tsoho Vira, mahaifinta, ya juya ta a tafi,
ya ƙwanƙwasa, ya shinshina.
Ya ce gajera ce,
ba mai kai wannan gidan surukai.
Ya ce doyar kakansa sai mutum biyu ke ɗauka.
Leitau ta ce, ina take yanzu, Baba?

Shiru ya yi.
Uwa ta karɓa, ta goge ta a kan ƙaya,
ta zuba madarar kwakwa,
ta binne a cikin duwatsu masu zafi.

Da dare ya ci, ya ƙara,
bai ce ta yi daɗi ba.
Ya dai tambayi sunanta.
Ɗari huɗu da sha bakwai, in ji Leitau.
Ya ce lamba ba suna ba ce,
ƙasa ba ta amsa wa lamba.

Da asuba ta tarar babu kan doyar a kwando.
Can bayan ɗaki, kusa da kabarin kaka,
ga sabon tulin ƙasa,
an kafa masa gora doguwa,
doguwa fiye da yadda gajerar doya ke bukata.