Rana Mai Layi Tara

A Aberdeen, cikin Disamba,
rana kan zo ne kamar mai bin bashi da kunya ta kama:
ta yi sallama daga bakin ƙofa, ba ta zauna ba, ta juya.
Uku da rabi wayata ta kira magariba.
Barmani ta dawo makaranta ƙarƙashin fitilun titi,
takalmanta sharkaf,
ta ce, Baba, wa ya ɓata wa rana rai?

Ban da amsa.
Ina da tsohuwar kwamfuta mai tari kafin ta tashi,
da teburin kicin mai ƙafa ɗaya gajera.

Na buɗe farin shafi.
Ba alli, ba buroshi, ba tawada,
sai baka biyu masu tsini kamar bakin tsattsewa,
ɗaya na buɗewa, ɗaya na rufewa,
a tsakaninsu na rubuta: da'ira.
Na ba ta faɗi, arba'in.
Na ba ta launi da haruffa shida,
ruwan goro, irin na bakin kakata Tasalla in ta yi dariya.
Na ja shuɗin layi ƙarƙashinta, na ce kai ne teku.

Na danna. Wayam.
Barmani ta dube ni, na dubi allo, allo ya dube mu.
Minti ashirin ina laluben ɓarawo,
ashe ni ne na bar ƙofa buɗe:
ɗan karan nan mai jirge da ke cewa magana ta ƙare,
shi na manta.
Na sa shi. Sai ga ta, zaune kan ruwa, ƙwal,
kamar gwaiduwa a faranti.

Ta ce, to ai ba ta motsi.

Na ƙara layi uku.
Na ce ta tashi daga ɗari zuwa ɗari uku, cikin daƙiƙa goma sha biyu.
Sai ta nutse.
Tsulum, cikin teku, a gaban 'yata.
A nan na koyi abin da ba a gaya mini ba:
a wannan duniyar sifiri yana can sama,
lissafi ƙasa yake gangarawa,
mai son hawa sai ya rage.
Na daɗe ina kallon wannan.
Shayina ya huce.

Na juya lambobin.
Ta fito a hankali, goshi tukuna, sannan kumatu,
ta haura saman shafi ba tsani, ba igiya.
Barmani ta ɗora tafinta kan gilashi,
ta ce, ba zafi.
Na ce, wannan sai Mai shi.

Akwai gurbin da ake tambaya: sau nawa?
Na rubuta kalmar da ke nufin kada ki daina,
hannuna ya ɗan yi sanyi,
don ban saba ba wa kowa irin wannan umarni ba.

Yanzu huɗu da rabi na asuba.
Tana barci, safa ɗaya a ƙafa.
Ina ɗaura igiyar takalmi, motar Torry ba ta jira,
kifi na can jibge cikin ƙanƙara yana jiran wuƙata.
Waje baƙi ƙirin, tsuntsun teku na tsaki kan rufi.
Na kai hannu zan rufe kwamfutar,
na fasa.

Na bar ta tana fitowa
ga kofuna biyu da ba a wanke ba.