Kwarmato da Ɗan'uwansa

Gidanmu taya huɗu gare shi.
Torleif ya saye shi shekarar da ya ajiye aikin jirgin fito,
ya ce, Aslaug, shekara talatin ina kai mutane ƙetare
ina dawowa inda na tashi.
Yanzu kam tafiya kawai za mu yi.

Taku uku ne daga gado zuwa murhu.
Sama da murhun, manne da rufi,
akwai wani farin faifai mai jan ido ɗaya.
Ni na raɗa masa suna Kwarmato.

Burodi ya ɗan yi duhu, sai ihu.
Mai ya taɓa kasko, sai ihu.
Wata safiya a bakin teku, kusa da Bodø,
tururin buta kaɗai ya tayar masa da hankali,
har Bajamushen da ya yi fakin kusa da mu
ya fito da gajeren wando, rungume da tukunyar kashe gobara.
Da soyayyen kifi muka ba shi haƙuri.

Torleif ya yi masa fifita da tawul.
Ya sa masa safa, kamar mai sanyin kunne.
Ya zage shi da zagin da ya baro a ɗakin inji.
Ƙarshenta ya hau kujera ya zare batirin,
ya wurga cikin akwatin cokula.
Ya ce, ai ina da hanci.
Muka ci abinci shiru,
kuma ba zan ɓoye ba, ya yi mini daɗi.

Akwai ɗan'uwansa a bango, daidai kan gado.
Shi wannan ko tari bai taɓa yi ba.
Shekara shida yana ƙifta koren ido.
'Yarmu Solfrid ce ta ɗaura shi da hannunta,
ta ce ba hayaƙi yake gadi ba,
wata iska ce marar wari, marar launi,
ba ta sallama,
sai dai ta shiga jini ta zauna a kujerar numfashi.
Torleif ya ce an dai ci kuɗinta.

Sai wani dare cikin Fabrairu, a kan hanyar dutse.
Dusar ƙanƙara ta zo a kwance,
ta taru a gefen mota
har ta toshe bakin bututun hita.
Mu kuwa muna ciki, cikin ɗumi,
barci mai nauyi, mai zaƙi,
irin wanda ban yi ba tun ina budurwa.

Can ƙasan barcin na ji kira.
Na ɗauka tsuntsun teku ne. Na ɗauka mafarki ne.
Kaina kamar an ɗaure da waya,
ƙafafuna kamar na aro.
Koren idon nan ya koma ja.

Torleif. Shiru.
Torleif!
Shekara arba'in da ɗaya da aure,
ran nan na fara marinsa.

Ƙofa ta ƙi, na sa kafaɗa.
Muka zube waje ba takalmi,
shi a durƙushe yana amai,
ni ina haɗiyar sanyi kamar ruwa.
Daga cikin motar mai shirun nan yana ta kuka,
kukan shekara shida a dare guda.

A asibiti, da robar iska a fuskarsa,
ya ɗaga ta kaɗan ya ce,
ban ji warin komai ba.
Na ce, na sani.

Yau muna wani mashigin ruwa da ban iya faɗin sunansa ba.
Ɗazu na ji yana kwarakwaram a akwatin cokula.
Na yi kamar ina duban taga.
Kujera ta yi ƙara,
abu ya ce ƙit.

Ga shi nan yanzu yana suyar kifi, taga a buɗe,
Kwarmato yana tsala ihu a kansa,
shi kuma yana juya kasko yana cewa,
na ji, na ji,
kifi ne, mutumina,
amma faɗi abinka.