Wake da Tuna a Calheta

Likita ya ce, "Deolinda, jijiyar mijinki ta cushe,
kitse ya tare wa jini hanya."
Na dawo gida ban ko cire takalmi ba,
na ɗauko kwalbar mayonis,
wadda ya koyo ci a shekarunsa na ƙetare,
na miƙa wa Graciete ta kan katanga.

Amílcar bai ce uffan ba.
Ya ja kujera bakin taga yana harar teku,
fuska a murtuke, hadarin da ya ƙi zuba.

Shekara talatin da ɗaya na yi a masana'antar gwangwani,
wuƙa a hannu, ina raba tuna da ƙaya.
Har yau ko na wanke hannu sau uku
kyanwar unguwa ni take bi.
Wai ni za a koya wa kifi?

Tun daren jiya na jiƙa wake,
fari mai baƙin ido.
Na dafa shi ya yi laushi, bai fashe ba,
don waken da ya narke ya zubar da girmansa.
Na tace, na bar iskar tsibiri ta fifita shi.

Albasa ja, rabi ya isa.
Na yanka ta siriri, na tsoma a ruwan sanyi
ta rage faɗa.
Ita da mai gidan halinsu ɗaya:
a ba su lokaci, su sauko da kansu.

Gwangwanin na buɗe da sannu,
ko wace yarinya ce ta jera wannan?
Ta iya, hannunta bai yi rawa ba.
Na tsiyaye ruwan,
na ɓare tsokar da yatsa, sala-sala,
ba a dagargaza abin da ya ratso teku da ƙarfinsa.

Man zaitun, zubi biyu.
Lemon tsami daga bishiyar bayan gida
wadda guguwa ta tanƙwara ba ta karya ba.
Faski danƙi guda. Masoro.
Gishiri kuwa, abin da ya maƙale a yatsa kawai,
likita ya ƙirga mana shi kamar bashi.
Dafaffen ƙwai ɗaya na raba huɗu
na ɗora a sama don ido ya fara ci.

Ya duba kwanon, ya juya cokali.
"Ina farin?"
Na ce, "Farin ya ƙaura."

Loma ta fari, shiru.
Ta biyu, ya tsaya da tauna,
ya ce uwarsa haka take ƙunsa musu
ranar da za su kwana uku a kan ruwa,
sai dai ita ba ta cika tsami haka.
Ya ce tsamin ya yi yawa,
yana suɗe kwanon da ɓawon burodi.

Na juya baya kada ya ga bakina.

Da la'asar rana ta faɗa bayan dutsen Pico,
na hango shi jikin katanga
yana hira ƙasa-ƙasa da mijin Graciete,
mutumin da ya yi shekara biyu bai gaisar ba.

Na koma ɗakin girki, na ja aljihun tebur,
na ƙirga cokula.
Babu ɗaya.