Minti Bakwai a Potosi

A garin nan iska da awo ake shaƙarta.
Eulogia na tsintar duwatsun azurfa a bakin rami
har cikinta ya shiga wata tara,
abincinta busasshen dankali da ruwan ganye.

Ni na karɓi haihuwar.
Igiyar cibiya ta naɗe wuyansa sau biyu,
ya faɗo shuɗi, shiru, kamar mai fushi da duniya.
Na murza bayansa, na hura masa numfashina,
ɗan abin da tsaunin ya rage mini.
Minti bakwai.
Sannan kuka.

Ƙwaƙwalwa gona ce mai tsiro a duhu.
In ruwa ya ɗauke mata,
wata kunyar ta bushe,
ba a sani sai kaka.

Yau Isidro shekararsa biyar.
Hannun hagunsa a dunƙule, kamar ya ɓoye kwabo.
Kalma takan zo bakinsa, ta tsaya, ta koma.
Amma ya san kukan tumakin kakarsa ɗaya bayan ɗaya,
jiya kuwa ya kira ni daga ƙofa:
"Be... ni... ta."

Na tsaya a hawan, ina haki,
ina ƙirga bakwai ɗin nan har yanzu.