Shafi Sittin da Biyu

A bayan shagon ɗinkin Zuwera, a Aboabo,
muka shimfiɗa baƙin yadi kan teburin guga.
Na ɗiga alli, taurari suka fito.
Marafan kwalba ne kumbunanmu,
jajaye rundunata, koraye ta Inusa,
ƙwayar ludo biyu ke raba gardama.

Daren farko doka uku ce:
matsa, harba, mutu.
Muka yi ta dariya har mai koko ta kwashe kayanta.

Sai Inusa ya ce, kumbo ba trotro ba ne
da za a taka masa birki a Kejetia ya tsaya.
Ya rubuta dokar mai.
Ya rubuta dokar juyi, taku nawa kafin hanci ya dubi gabas.
Ya rubuta zafin bindiga, da kaurin garkuwa, ta gaba daban, ta baya daban,
da abin da ke samun matuƙi in ya kwana uku bai runtsa ba.
Littafin lissafin ƙanensa ya cika, ya sayo wani.
Shafi sittin da biyu.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, da daɗi a ciki.
Ran da harbina ya huda tankinsa
sai da na ji ƙauri a hanci.
Amma harbi ɗaya, mu sake shi bayan Magariba,
a kira Isha'i yana kan hanya,
mu muna neman shafi na talatin.
Mumuni ya yi gyangyaɗi da kumbo uku a tafinsa.
Kwabena ya ce bari ya sayo katin waya,
wata biyu shiru.

Zuciya ta ɗebe ni.
Na mayar da sittin da biyu rabin shafi:
wanda ya jefa shida ya yi kisa.
Yaƙin duniya bakwai ya ƙare
shayinmu bai huce ba.
Muka dubi juna.
Marafan kwalba sun koma marafan kwalba,
sama ta koma yadi huɗu na mutane.
Inusa bai ce uffan ba,
ya tattara korayensa cikin gwangwanin madara.

Zuwera, da allura a bakinta, ta ce:
Ɗaya ya ɗinka riga mai aljihu arba'in,
ɗaya ya datse ta har da wuya.
In za ku auna mutum, ku bar masa wurin numfashi.
Wace doka ce, in an cire ta, samanku ke zama ƙasa?

Muka zauna kamar masu tsintar wake.
Mai ya zama tsakuwa biyar a gaban kowa,
ka ba da ɗaya, ka juya.
Garkuwa ta fashe? Kife marfin. Ba biro, ba takarda.
Matuƙin nan mai jin barci muka sallame shi ya je ya kwanta.
Amma dokar da ta ce kumbo ba ya tsayawa,
ko ka kashe inji yana bin inda ka tura shi,
ita na ce a bari,
ni da bakina, Inusa yana ji.

Shafi huɗu ne yanzu.
Jiya aka ɗauke wuta, muka jingina waya da keken ɗinki.
Kwabena ya dawo, ba kati a hannunsa.
Mumuni ya cinye mu kaf, ido biyu.
Babban kumbona ya zarce bakin tebur
ya faɗa kwandon ƙyallaye,
don na manta can babu birki.

Inusa ya raka ni har bakin titi.
Na hango gefen wata takarda a aljihunsa.
Zafin bindiga ne, in ji shi, layi biyu kacal.
Na ce sai Juma'a.
Ya ce, to, layi uku.