Tufka da Warwara

Ƙarfe huɗun asuba a Sapporo,
ƙanƙara ta binne kekunan ɗalibai har sirdi.
A hawa na shida fitila ɗaya ce ba ta kwanta ba.
Chizuru ta yi tagumi,
tana jiran faranti ya yi mata magana.

Kwana bakwai ke nan da ta zuƙo ɓargo
daga cinyar baƙin ɓera mai lamba a kunne,
ta shuka shi cikin ruwa ja-ja mai ɗumi.
Yau ƙwayoyin sun girma, sun zama masu gadi,
masu haɗiye duk baƙon da bai yi sallama ba.

Kowace na riƙe da kundin gado,
iri ɗaya da na ido, iri ɗaya da na wutsiya,
dogon zare naɗe tam a kan ƙananan kwarkwaro.
Abin da ke naɗe ba ya karantuwa.
Rubutun ɗaya ne ko'ina a jiki,
shafin da aka yarda a buɗe shi ne ya raba su.

Ta ɗiga musu ɓawon ƙwayar cuta,
ɗigon da bai kai hawayen sauro ba.
Bakin ƙofa ya ji, ya gaya wa zaure.
Can ciki akwai ɗan aike ɗaure da igiya,
bai yi laifin komai ba, bakinsa ne wuta.
Aka tsinke igiyar.
Ya ruga ɗakin kundi, ya dafa zare,
zare ya saki jiki,
magatakarda ya hau layi yana kwafa:
zazzaɓi, kumburi, a kira dangi, a tare hanya!

Sai dai cikin shafukan farko da ya sa aka kwafa
har da na yadda ake tufka igiyar nan.
Kafin awa ta zagayo sabuwa ta iso,
ta shaƙo wuyansa, ta fito da shi waje.
Da bakinsa ya aika a kawo ta.

Ƙarfe biyar tsoho Tokuji ya turo ƙofa,
mai share kejin ɓeraye shekara talatin,
da gwangwanin shayi mai zafi a aljihu.
Ya ce, "Keji na arba'in da ɗaya,
waɗanda kika yage wa shafin igiya,
uku sun tafi cikin dare.
Fatarsu ja kamar an gasa,
alhali ko ƙura ba ta shiga ɗakin nan."
Ya ajiye mata shayin, bai jira godiya ba.

Ba maƙiyi ne ya ci su ba.
Gadi ne ya rasa mai ce masa ya isa.

Ta tuna hannun mahaifiyarta a Otaru,
hannun da ya feɗe kifi tun tana budurwa,
yanzu gaɓoɓin sun kumbura, sun karkace,
tsinken cin shinkafa ma zamewa yake.
Wa ya hana igiya komawa a yatsun nan?

Na'ura ta yi ƙara.
Layi ya hau, ya sauka,
ya sake hawa, bai kai na farko ba.
Ta rubuta lokaci a littafi,
ta rungume gwangwanin da tafuka biyu.
A ƙasa motar kwashe ƙanƙara ta fara buɗe titi.