Gwangwanin Baba Tanimu

Ran da muka share ɗakinsa a Tudun Wada,
bayan addu'ar bakwai,
ƙarƙashin gado muka tsinci gwangwanin madara,
tsatsa ta ci murfin.
Muka ɗauka kuɗi ne.
Ashe katunan zaɓe ne, ɗaure da zaren masaƙa.

Na ƙasa ya koma launin kunun tsamiya.
Zamanin da kowace jam'iyya da akwatinta,
ka shige bayan labule kai kaɗai,
kai da Allahnka da ’yar takarda.
Ya ce ran nan don rawar jiki
har sallama ya yi wa akwati.

Sai giɓi.
Shekarun kaki ba su bar kati ba,
rediyo ke zaɓe da asuba,
a tashi a ji an yi sabon maigida.

Na biyun akwai ɗigon man ja a kusurwa.
Shekarar da talaka ya ɗora nasa a kujera,
majalisa ta kalle shi a karkace,
damina biyu ba ta cika ba aka janye tabarma.
Baba ya ce, mun shuka gero,
an yanke mana shi yana ɗanye.

Akwai na lokacin layi,
ka tsaya bayan hoto da rana tsaka,
mai gidan hayarka na ganin inda ka tsaya.
Aka ƙirga kawuna ɗaya bayan ɗaya,
daga baya aka ce ƙirgan bai ƙirgu ba.

Duk katunan, rumfa ɗaya suka ambata:
firamaren Kakuri, gindin dalbejiya.
Can ya yi shekara ashirin da biyu
inji na ruri, auduga na shiga hanci,
Didam ɗan Zonkwa a injin da ke damansa,
ƙosai ɗaya, gardama ɗari.

Shekarar hayaƙi ta zo,
kogi ya tashi daga kogi ya zama katanga.
Muka kwashe kwanuka muka haye gada,
wasu suka kwaso nasu suka hayo ta inda muka bari.
Aka ce, Baba, a maido maka da rumfa kusa.
Ya ce, kura ma ta san gidan da ta taso.

Jajibirin kowane zaɓe sai ya ɗauki buta da bargo,
ya kwana a falon Didam.
Da safe su jera, sanda biyu, layi ɗaya,
kowa ya san inda ɗan'uwansa zai dangwala,
kowa ya san ba wuri ɗaya ba ne.
Su dawo da shuɗin yatsa
su ci tuwo da shi.

Da dare talabijin ta shimfiɗa jihar kamar zane:
Giwa, Ikara, Makarfi, launi guda,
Kaura, Jaba, Kachiya, wani launin,
Masana na nuni da sanda,
sun ce haka ta saba faɗuwa.
Ba wanda ya ga tsofaffi biyu a kan benci
suna raba goro ɗaya da farce.

Na saman roba ne, yana sheƙi.
Na'ura ta ƙi yatsansa sau uku,
zare ya riga ya cinye zanen.
Ya yi dariya ya ce wa yarinyar,
to duba fuskar, ita ma saura kaɗan.

Jiya na hau Keke na haye gada.
Didam ya juya gwangwanin, bai buɗe ba.
Ya shiga ɗaki ya fito da nasa, na tumatir.
Ya ce, kai ina naka?
Na ce, bara ban fita ba, layin ya yi tsawo.
Ya daɗe yana kallon babban yatsana.
Sai ya ce, bargonsa na nan.